Kawu Isuhu Hannu-a-Baya

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwamfutoci na laburaren jami'a a nan Tamanrasset, in aka ce ya kwaikwayi Kawu Isuhu, na san abin da zai fara yi. Zai mayar da hannayensa biyu baya, ya ɗan ranƙwafa, ya turo haɓa kamar mai leƙen rijiya. Haka muka san shi: hannu a baya, baƙin carbi na lilo a tsakanin yatsu, yana zagaya bayan ɗalibai yana duba abin da kowa ke dannawa. Aikin da aka ɗauke shi ke nan, ya koya wa ɗalibai yadda za su nemo littafi ko mujalla ko tsohon rahoto a rumbunan karatu na intanet da jami'a ta yi rajista da su. Amma a duk shekarun da ya yi a wurin, ku kawo mini mutum ɗaya da zai rantse ya ga hannun Kawu a kan linzamin kwamfutar ɗalibi! Ko kuka kake da hawayen jini, iyakarsa ya nuna maka da haɓa, ya ce, "Wanda aka goya bai san hanyar gida ba."

Ni Rakiya na fi kowa shan wannan magana, don ni a gida ma ita nake ji. Yayan mahaifiyata ne. Kakanmu ɗan Damagaram ne da fatauci ya kawo shi Tam ya zauna. A nan aka haifi Kawu, ya yi lekkol, wato makarantar boko, ya kama aiki. Ita kuwa Inna aure ya mayar da ita Damagaram, can aka haife ni. Da na sami burs, wato tallafin karatu, na zo yin digiri na biyu, duk dangi cewa suke, "Ke kam kin huta, kawunki ne mai bibliyotek," wato laburare. Ni ma haka na ɗauka, tunda an ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. To ga ni nan, da kawu a gindin murhu, na ci gaya har na ƙoshi.

Abin da ya kawo ni shi ne memwar, wato kundin kammala karatu. Nawa a kan yadda masu garake na Idlès da Hirafok ke raba ruwa a tsakaninsu ne. Na sha jijjigar hanyar Idlès har sai da na ji kamar haƙorana za su zube, na zauna da manoma, na cika waya da hira. Sai malamin da ke duba aikina ya ce duk wannan da kyau, amma ba zai sa hannu ba sai na kawo wani tsohon rahoto na zamanin Nasara da ya auna magudanan ruwan wurin, a kwatanta da na yau. Ya ce ya taɓa ganinsa da jimawa, an kuma ɗora shi a intanet, kawuna ba zai rasa sanin inda yake ba. Burs ɗina kuwa a shekarar zai ƙare, babu ƙari. In ban tsaya gaban juri, malaman da ke yanke hukunci, na kare aikin nan ba kafin hutu, sai dai in koma Damagaram hannu rabbana.

Ranar farko na zauna gaban kwamfuta, na buɗe shafin bincike, na ga ɗan akwatin da ake rubutu a ciki. To ni ɗiyar mutunci ce, an koya mini ba a faɗa wa kowa da buƙata babu sallama. Sai na tsara Faransancina mai kyau na rubuta: barka da asuba, don Allah in ba damuwa ina neman littattafan da suka yi magana a kan rabon ruwa a garaken Idlès, na gode ƙwarai. Na danna. Inji ya ce bai sami komai ba. Sai na ji numfashi a ƙeyata.

"Rakiya."

"Na'am, Kawu."

"Kin tambaye shi iyali? Ina gajiya? Yaya kwanan yara?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, har waɗanda ba su jin Hausa, don sun ga fuskata.

"Wannan ba surukinki ba ne," in ji shi. "Kurma ne, kuma bai san kunya ba. Jefa mishi kalma biyu ki ja bakinki. Idlès. Ruwa. Shi ke nan."

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Duk ɗalibin da ya fito daga wajenmu, ɗan Maraɗi ne ko ɗan Agadas, sai ya gaida injin nan. Akwai wanda ya rufe tambayarsa da yi wa iyayen inji addu'a. Kawu ya tsaya a kansa ya ce amin da ƙarfi, sannan ya sa shi ya goge.

Ba a yi nisa ba na kama shi. Wata safiya ya manta da fulas ɗin shayinsa a gida, matarsa ta ba ni in kai masa buro, wato ofis. Na isa kafin ɗalibai, na tarar yana yaye wa tsohuwar kwamfutarsa zanen da yake lulluɓe ta da shi saboda ƙura, yana shafa kanta yana cewa, "Hajiya, an tashi lahiya? Ina gajiyar jiya? Yau ma a yi haƙuri da yaran nan, ba su da wayo."

"Kawu! Ba kai ka ce kurma ce ba?"

Ko gezau. Ya ninke zanen, ya karɓi fulas, ya ce, "Ni da ita mun yi shekaru tare. Ke wa ya san ki?"

Ku da kuka bi ta hannunsa ba sai na tuna muku da darasin kasuwa ba. Kowace sabuwar shekara sai ya tara sababbin ɗalibai ranar Asabar, ya tasa su a gaba har kasuwar Assihar, da ƙafa, wai kuɗin taksi asara ne ga mai ƙafa biyu. A bakin ƙofa zai tsaya ya ce, "Rumfar farko ta baƙo ce. Abin da mai kaya ke son rabuwa da shi, shi yake bajewa a gaba. Haka abin da inji ya fara nuna muku. Ku wuce ciki." Sai ya ratsa da mu layin 'yan kilishi da 'yan yaji har rumfar Alhaji Mamman mai atamfa, abokinsa na ƙuruciya, wanda da ya hango mu yake fara salati.

"Isuhu, don girman Allah yau ka tahi rumfar wani!"

"Alhaji, ba ni zane."

"Wane iri?"

Sai Kawu ya juyo gare mu fuska cike da murna. "Kun ji? Ya ce wane iri! In ka ce 'zane' kawai, rumfa duka za a sauke maka. Ka ce na Kwatano. Ka ce shuɗi. Ka ce na bana. Kowace kalma tana rage maka kaya. Haka za ku yi wa inji: wace shekara, wane harshe, littafi ne ko mujalla." Yana faɗa, Alhaji na saukewa yana warwarewa, har atamfa ta yi tsibi a gabanmu. Da darasi ya ƙare, Kawu ya ce, "To Alhaji, Allah ya kawo kasuwa," ya juya abinsa.

Alhaji Mamman ya biyo mu har tsakiyar layi yana ɗaga hannu. "Jama'a ku shaida! Shekara da shekaru mutumin nan yana koyar da jami'a da kayana, ko ƙyallen goge hanci bai taɓa saye ba!"

Kawu bai ko waiga ba. Ya ce, "A bibliyotek ma dubawa ake a mayar."

Tsumulmularsa kuwa har kan wutar gwamnati ta kai. In rezo, wato layin intanet, ya ɗauke, kun san wani lokaci yakan yi mana haka, Kawu ba ya sallamar kowa. Sai ya sa a kashe kwamfutocin duka, wai kada a ƙona kuran a banza, darasi kuma ya ci gaba a kan baƙin gilashi. Kowa ya ɗora hannu a linzami, ya rubuta kalmarsa a iska, ya danna. Wata rana ya tsaya a kaina.

"Rakiya, kin rubuta, kin danna. Mi kika gani?"

"Huskata nake gani, Kawu."

"Madalla. Yau kin gano inda matsalar take."

Wallahi ranar da ba kawuna ba ne, da na faɗi abin da za a kore ni daga jami'a. Lokaci na tafiya, rahoto bai fito ba, shi kuma yana ta wasan kwaikwayo da ni a gaban mutane. Na kai ƙararsa wurin Inna a waya. Ta kira shi muna cin abinci, ya sa ta a sifika don kada kunnensa ya yi zafi.

"Yaya Isuhu, ka ji tsoron Allah! Ɗiyarka ce fa. Ka danna mata abin nan ta huta mana."

"Hadiza, lokacin da kike koya mata daka, wa ke riƙe taɓarya?"

"Ita mana. Amma in ta gaji ina karɓar mata."

"Shi ya sa har yau furarta duk tsaki."

Sharri ne kawai, Allah ya jiƙansa. In na dama fura a gidan nan shi ke fara miƙo kofi, shi ke kuma neman ƙari.

Da ranar miƙa aiki ta matso sosai, dariya ta ƙare mini. Na bi duk abin da aka ajiye a ƙarƙashin noma, sama da ƙasa. Na canza kalmomi, na rage, na ƙara, na gwada Faransanci, na gwada Larabci. Babu. Wata azahar, ɗaki ya watse, na kifa kai a kan tebur na yi kuka sosai. Na ji ƙarar carbi a bayana.

"Kawu, tsakaninka da Allah, ka san inda yake?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika faɗa mini sunan aikinki."

Na ɗago na dube shi. Ban taɓa jin haushin mutum irin na lokacin ba. Na ce masa in na koma gida babu takarda, shi zai yi wa Inna bayani, ni ba ruwana. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Wa ya rubuta rahoton? Manomi?"

"Nasara ne, ai ka sani."

"To Nasara ya hau raƙumi tun daga bakin teku har Idlès don yana sha'awar tumatir?"

Na ce, "Hanya yake aunawa. Da wuraren ruwa, don sojojinsu su san inda za su sha."

"Mai auna hanya, mi yake zanawa?"

"Taswira."

"Kin yi wata da watanni kina neman kilishi a layin 'yan atamfa," in ji shi, ya tafi alwala.

Na share hawaye, na koma, a wurin da ake zaɓar irin abin da ake nema na zaɓi taswira. Ga shi nan kuwa! Wata tsohuwar taswirar yankin, rahoton kuma an ɗauki hotonsa shafi-shafi an liƙa a bayanta. Shi ya sa duk neman da na yi a littattafan noma bai fito ba. Kada ku ɗauka na gode masa. Na yi kwanaki ina gaishe shi da ƙyar, shi kuma yana amsawa da fara'a kamar bai san an yi ba.

Ranar sutnans, wato ranar da ɗalibi ke kare aikinsa a gaban juri, ɗaki ya cika. Matar Kawu da ƙawayenta sun zo da faranten kek da lemo suna jiran lokacin guɗa. Alhaji Mamman ya rufe rumfa ya zo. Kawu ya ƙi kujera, ya tsaya can baya jikin bango, hannu inda kuka sani. Na yi bayanina lafiya, na amsa tambayoyi. Sai shugaban juri, wani dattijo mai sanyin murya da ya zo daga arewacin ƙasar, ya cire tabarau ya ce:

"Ya binti, ɗiyata, aikinki duka a kan wannan tsohon rahoto ya tsaya. Ba zarginki nake ba. Amma yanzu akwai injinan da ke ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, ɗalibai su kwafa. Ni na nemi rahoton nan ban gan shi ba. Ki nuna mana shi."

Na ce yana cikin kile ɗina, ɗan abin ajiyar da ke rataye a wuyana. Ya ce abin da ke cikin kile kowa na iya haɗa shi, shi yana son ganin gidan da rahoton yake zaune. Gaskiyarsa ce. Aka haɗa kwamfuta da babban allo, kowa na kallo, na buɗe shafin rumbun.

Sun canza shafin! Launi daban, tsari daban, wurin da na saba dannawa babu shi. Duk hanyar da na haddace ta shafe. Burs, Inna, jijjigar Idlès, duk suka taso mini. Na ɗaga ido na nemi Kawu. Mutumin nan, wallahi, rufin ɗaki yake kallo kamar an ce masa akwai rubutu a sama.

Haushi ya taimake ni. Na ce a raina, to, kasuwa ce aka sake wa layi, kaya suna nan. Na jefa kalma biyu, ban gaida kowa ba. Abubuwa suka zubo rututu; na wuce na farko ko kallonsa ban yi ba. Na laluba har na gano inda suka ɓoye wurin zaɓe, na rage shekaru, na zaɓi taswira, na danna. Rezo kuma ya ga ranar ce ta dace ya yi yanga. Ɗan da'irar nan ya shiga juyawa, yana juyawa, ɗaki tsit, ko tari babu.

Sai muka ji ƙas! daga baya. 'Ya'yan carbi suka watse a kan tayil, suna tsalle suna gangarawa ta ƙarƙashin kujeru, wani har gindin teburin juri. Kowa ya waiga. Kafin su juyo, taswira ta buɗe a allo, rahoto na biye da ita. Shugaban juri ya mayar da tabarau, ya karanta shafin farko a nitse, ya gyaɗa kai ya ce, "Mabruk." Mata suka saki guɗa tun kafin a ba su izini.

Ni ban tsaya karɓar barka ba, na nufi baya. Na tarar da Kawu durƙushe yana tsintar 'ya'yan carbi, Alhaji Mamman na taya shi yana dariya har da hawaye. Ranar na fara ganin hannayen nan a gaba a cikin taron jama'a a jami'a. Zaren ya yanke shi a yatsa, tafinsa kuma duk shatar 'ya'yan carbi, saboda tsabar damƙa. Ashe duk shekarun nan da muke cewa mugunta ce, ɗaure hannun yake da carbi don kada ya kufce masa ya kai wa ɗalibi agaji. Tausayinsa ya kama ni.

Shi kuwa ya ɗago ya harare ni. "Zaren yanzu ba shi da ƙwari," in ji shi. "Ke kuma kin bi doguwar hanya. Da taswira kika fara zaɓa, da tuni mutane sun ci kek."

Bayan ya yi ritaya ciwo ya kwantar da shi. Na zo daga Damagaram duba shi, don yanzu can nake koyarwa. Na faɗa masa na gwada salonsa a kan ɗalibaina, na mayar da hannu baya, amma da na ga yarinya ta fara ƙwalla sai in karɓi linzamin in danna mata. Ya ce ai ya sani, jinin Hadiza ne. Don in tsokane shi na fito da waya na nuna masa sabon injin nan da ake hira da shi. Na gaishe shi, ya amsa, har ya tambaye ni yadda na wuni.

"Ka gani, Kawu? Ashe ni ce na riga zamani. Yanzu yana amsa gaisuwa."

Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. Ya ce, "Ɗan kasuwar da ya cika gaisuwa, duba mudunsa."

Bara ya rasu. Da aka tashi neman likkafani, Alhaji Mamman ya ce kada wanda ya kuskura ya je wata rumfa. Shi ya yanko farin yadi da hannunsa ya kawo, ya ƙi karɓar ko sisi. A zaman makoki yana ba da labarin darasin kasuwa, mutane na dariya a ɓoye cikin rawani da mayafi, ya ce, "A ƙarshe dai Isuhu ya karɓi ƙyalle daga rumfata, nan ma bai biya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan karon kuma ba zai mayar ba."

Ɗan carbin da ya gangara gindin teburin juri ni na tsince shi, yana wurina har yau.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo maka. Ya bar mu mun yi ta lalube har muka iya hanya, mun kuma yafe masa, har maganar fura. Kai kam kada ka bar shi ya yi lalube. Ka haskaka kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka sa a riƙe hannun nan nasa a kai shi har ƙofar Aljanna. Amin.